Ku Yi Hattara Da Cinikin Bindigar Da Ake Cewa Ba Ta Tsatsa: Nasiha Ga Matasan Gwadangaji

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malaman da ke karantar da matasa a Gwadangaji ya gabatar a zaman da aka saba yi bayan sallar Isha'i, wanda ya sami halartar 'yan uwa daga cikin garin Birnin Kebbi, Ambursa, Kalgo da kuma Argungu. Jawabin ya shafi wata magana ce da ta yawaita a majalisun samari, wato neman sayen bindigar nan da ake ɗana ta da jan hannu, wadda aka fi sani da fam-akshan, musamman farar da ake cewa ba ta tsatsa. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), Malam ya fara da cewa labari ya iso masa daga bakin iyaye, ba ɗaya ba ba biyu ba, cewa akwai samarin da ke tara kuɗin noman rani, wasu ma har suna shirin sayar da babur ko injin ban-ruwa, don su kai wa wani dillali da ba su taɓa gani ba, wanda ya yi musu alkawarin zai samo musu wannan bindiga. Ya ce bai tara 'yan uwa don ya yi wa kowa dariya ko ya kira shi matsoraci ba, domin duk wanda ke zaune a ƙasar Kabi ya san abin da ya kai mutane ga wannan tunani. Abin da ya tara su shi ne a yi wa maganar duba na hankali tun kafin kuɗi ya bar aljihu, domin kuwa rigakafi ya fi magani.

ABIN DA YA KAWO MAGANAR

Malam ya tunatar da mahalarta cewa a watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yawuri da rana tsaka suka kwashi ɗalibai da malamai. A watan Nuwamba na 2024 Lakurawa suka shiga garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie a ranar Juma'a suka kora shanu, mutanen gari suka bi sawu, aka kashe mutum 15 daga cikinsu. A watan Nuwamba na 2025 kuma aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a ƙasar Danko Wasagu da asuba aka tafi da ɗalibai, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Ya ce Mera ba wata uwa duniya ba ce, masarautar Argungu ce, akwai ma waɗanda ke zaune a wurin da suke da dangi a can.

Ya ƙara da cewa hatta masu mulki sun taɓa faɗa da bakinsu cewa jama'a su tashi su kare kansu. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga mutanensa da su nemi makami. A watan Yuni na 2022 Gwamnatin Zamfara a ƙarƙashin Bello Matawalle ta ba da sanarwar cewa jama'a su nemi lasin riƙe bindiga, har ta ce za ta rarraba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19 na jihar. To amma ba a je ko'ina ba Babban Hafsan Tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Malam ya ce a nan ne talaka ya kamata ya buɗe ido, domin wanda ya ce maka ka sayi bindiga daga kan mumbarin siyasa, ba shi ne zai tsaya maka a gaban alƙali ba.

WACE IRIN BINDIGA CE WANNAN?

Da ya juya kan bindigar kanta, Malam ya ce yawancin masu nemanta ba su san tarihinta ba, sun dai gan ta a hoto tana walƙiya. Ya bayyana cewa asalinta bindigar farauta ce, mai watsa ƙwayoyin dalma, kuma wadda ta fi shahara a cikin jinsinta ita ce Remington 870 ta ƙasar Amurka, wadda aka fara ƙerawa a 1950, aka kuma ƙera sama da miliyan 10. Farar da samari ke magana a kai wani reshe ne nata da ake kira Marine Magnum, wadda aka lulluɓe ƙarfenta da sinadarin nikel. Kamfanin Mossberg shi ma yana da tasa da ake kira Mariner. An yi su ne don mutanen teku, masu aiki a jiragen ruwa da bakin gaɓa, inda ruwan gishiri da iskarsa ke cinye baƙin ƙarfe cikin ɗan lokaci.

Ya ce su dillalan da wannan suke yaudarar mutanen fadama. Sai su ce maka ai kai mutumin gulbi ne, kullum kana cikin laima da ruwa, wannan ce ta dace da kai. Alhali kuwa ruwan Gulbin Rima ba ruwan gishiri ba ne, kuma tun kakanni mafarautan ƙasar nan suke riƙe da adakarsu damina da rani, ba abin da ke tsare ta daga tsatsa sai shafa mai da ajiya a busasshen wuri. Ya ce ko a can inda ake ƙera ta, masu ita ba su ce ba ta tsatsa sam ba, cewa suka yi tana jure wa tsatsa, kuma da bambanci tsakanin maganganun biyu.

Sannan ya ja hankali kan cewa kamfanin Remington ya karye a 2018, ya sake karyewa a 2020 har aka rarraba kadarorinsa aka sayar, abin da ya sa aka ɗauki lokaci ko a Amurka samun wasu nau'o'inta yana wuya. "To ku yi wa Allah ku yi tunani," in ji Malam, "abin da ya yi wa mutumin ƙasar da ake ƙera shi wuyar samu, wanda kuma ba ya fita daga can sai da takardun izinin gwamnati, yaya aka yi wani mai lambar waya guda ɗaya a WhatsApp yake da shi jibge, har yana ce muku ku yi sauri saura biyu?"

ABIN DA DOKA TA CE

Malam ya ce babban dalilin da ya sa wannan bindiga ke wuyar samu a Nijeriya ba ƙarancinta ba ne kawai, doka ce ta rufe ƙofarta. Ya yi bayanin cewa Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake hukunci da ita, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin na soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin aljihu, waɗanda babu mai ba da lasinsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, waɗanda lasinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne irin adaka da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da iko a kansu.

Ya ce wurin da mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne suna zaton fam-akshan tana kashi na biyu tunda bindigar farauta ce. To amma dokar ta fitar da duk bindigar farauta da ke da na'urar sake ɗana harsashi daga wannan kashi, kuma duk abin da bai shiga na biyu ko na uku ba, ya faɗa na farko ke nan. Shi ya sa a watan Fabrairu na 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun makamai, aka lissafa fam-akshan kowace iri a cikinsu ƙarara. A watan Agusta na 2023 kuma Muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin ƙananan makamai baki ɗaya. Saboda haka, in ji shi, duk wanda ya ce zai kawo maka bindiga haɗe da lasinta har gida, ba tare da ka taka ƙafarka zuwa hedikwatar 'yan sanda ba, to takardar jabu zai ba ka, kuma laifinka ya zama biyu.

Game da hukunci, Malam ya ce dokar ta yanke ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda aka kama da bindiga ta kashi na farko ba da lasi ba, na kashi na biyu kuma ɗaurin da zai iya kai wa shekara biyar. Ko a lokacin da ake ba da lasin ma, dokar ta hana a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka sani da shaye-shaye, da wanda kotu ta taɓa samu da laifin tashin hankali a cikin shekaru biyar da suka gabata. Haka nan sayarwa ba ta halatta sai ga dillalin da ke da rajista. Ya ce saurayi mai shekara 25 ya lissafa da kansa, in ya shiga gidan yari yau, yana da shekara nawa zai fito, kuma wa zai tsare masa iyayen da ya ce don su ya sayi bindigar?

SU WANE NE MASU SAYARWAR?

Malam ya kasa masu tallar wannan bindiga gida uku. Na farko ɗan damfara ne tsantsa, wanda ba shi da ko kan allura. Hoton ma daga intanet ya ɗauko shi. Zai ce ka turo kafin alƙalami, gobe ya ce kaya sun maƙale a shingen Koko ko na Kwantagora sai an sallami jami'ai, jibi ya ce direba ya ƙara kuɗi, daga nan waya ta mutu. Ya san sarai ba za ka iya kai ƙara ba, domin me za ka ce wa ɗan sanda ka biya kuɗin saye? Wannan shi ne dukan da ba a iya yin kuka.

Na biyu shi ne mai jabu. Zai samo ƙirar maƙeran ɓoye ko wata tsohuwa da ta gaji, a kai ta wurin masu wankin ƙarfe ta fito fara fat, a buga mata sunan kamfani. Ya ce walƙiyar waje ba ta gaya maka ƙarfin bututun ciki, kuma bututun da bai da inganci in ya fashe, fuska da yatsun mai harbin yake fara ci.

Na uku, wanda Malam ya ce ya fi sauran haɗari, shi ne ɗan fasa-ƙwauri na gaske. Ya kawo misalin abin da Hukumar Kwastan ta kama a Legas a 2017, zamanin Kanar Hameed Ali mai ritaya: fam-akshan 661 a watan Janairu, 440 a watan Mayu, sai 1,100 da kuma 470 a watan Satumba, jimilla 2,671 a shekara guda, an ɓoye su a cikin kwantenoni da sunan ƙofofin ƙarfe da kayan famfo. A tsakiyar 2024 kuma aka kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar jiragen ruwa ta Onne da ke Jihar Ribas, waɗanda aka yo odarsu daga Turkiyya. Ya ce mai irin wannan sana'a ba ya tambayar mai saye ko shi manomi ne ko ɓarawon shanu, kuɗi kawai ya sani. Don haka kuɗin shinkafarka da ka miƙa masa, jari ka ƙara wa hanyar da makami ke bi ya isa daji. Ya tunatar da cewa malaman fiƙihu sun daɗe da hana cinikin makami a lokacin fitina saboda irin wannan dalili.

KO TA ZO, ME ZA TA TSARE?

Daga nan Malam ya ce a ƙaddara ma an dace, bindigar ta zo kuma ta gaske ce. Ya ce fam-akshan harsashi biyar zuwa takwas take ɗauka, kuma amfaninta bai cika wuce tazarar mita 40 zuwa 50 ba. Shi kuwa wanda ake son a tara da ita yana riƙe da AK-47 ne, mai cin harsashi 30 a ƙwanso guda, wadda ke samun mutum daga tazarar mita 300. Wato tun kafin ka kai inda taka za ta yi aiki, ka daɗe da shiga inda tasa ke aiki. Ga shi kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Farin nan da ake yabo kuwa, a cikin rana ko farin wata, shi ne zai fara nuna inda kake.

Ya kawo abin da ya faru a watan Maris na 2022 a yankin Sakaba na masarautar Zuru, inda 'yan sa-kai sama da 60 suka rasa rayukansu a kwanton-ɓauna guda ɗaya. Ya ce waɗannan bayin Allah ba ragwaye ba ne, kuma ba hannu rabbana suka fita ba. Abin da ya faru, kamar yadda shugabanninsu suka shaida wa manema labarai, shi ne labarin fitarsu ya riga su isa wurin 'yan bindigar. Ya ce darasin da ke ciki shi ne labari ya fi harsashi saurin tafiya, kuma garin da ke da mai kai rahoto daji a cikinsa, ko bindiga ɗari aka tara masa a buɗe yake.

Ya kuma ce akwai haɗarin da mai riƙe da makami ba tare da tsari ba ke jawo wa kansa daga wani ɓangaren. A watan Janairu na 2025 jirgin yaƙi ya yi ruwan wuta a Tungar Kara ta Jihar Zamfara a kan 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito bin sawun ɓarayi, domin daga sama ba a bambance su. A ƙarshen Maris na shekarar kuma aka tare motar mafarauta a garin Uromi na Jihar Edo suna hanyar komawa Kano yin Sallah, aka ga bindigoginsu na farauta, aka yi musu taron dangi aka kashe mutum 16. Ya ce wannan zalunci ne da babu abin da zai wanke shi, amma ya isa ya nuna wa saurayin Arewa irin kallon da ake yi masa in aka gan shi da bindiga.

Malam ya ce akwai kuma haɗarin cikin gida, wanda ba a cika faɗa ba. Bindigar da aka saya a ɓoye a ɓoye ake ajiye ta, ƙarƙashin katifa ko cikin rufin ɗaki, inda ƙane zai iya lalubo ta. Kuma ranar da ɓarawo zai zo ba a san ta ba, amma ranar rikicin iyakar gona, da ta shanu sun shiga shuka, da ta cacar bakin siyasa, waɗannan kullum suna tafe. Ya ce ba banza ba Manzon Allah (S) ya hana mutum nuna wa ɗan uwansa makami ko da wasa ne. Ya kuma tunatar da yadda a Zamfara ɗaukar doka a hannu da kisan mutane a kasuwanni bisa zargi kawai ya taimaka wajen mayar da satar shanu ta zama gabar da har yau ba a ga ƙarshenta ba.

TAMBAYA DA AMSA

Da aka ba da damar tambayoyi, wani matashi daga Argungu ya miƙe ya ce: "Allah ya gafarta Malam, duk mun ji. To amma sai mu naɗe hannu a zo a yanka mu kamar kaji?"

Malam ya amsa masa da cewa: "A'a ɗana, ba wanda ya ce haka. Kare rai da iyali da dukiya haƙƙi ne, addini ya tabbatar da shi, dokar ƙasa ma ta san da shi. Abin da ake gaya muku shi ne kada tsoro ya sa ku sayi abin da zai ci kuɗinku, ya ci 'yancinku, sannan ranar da ake buƙatarsa ya kasa."

Ya ce saurayin da ke jin ƙarfi da kishin garinsu yana da ƙofofin da zai bi. Ya je wurin mai unguwa ko hakimi a sa sunansa cikin 'yan sintirin da hukuma ta san da su, waɗanda ke aiki da ofishin 'yan sanda na yanki, inda akwai shugaba da horo da wanda za a tambaya in an yi kuskure. Ya ce wasu jihohi sun kafa rundunoni na doka, Katsina a watan Oktoba na 2023, Zamfara da Askarawanta a watan Janairu na 2024, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da ɗaukar dakarun tsaron dazuzzuka. Haƙƙin mutanen Kebbi ne su matsa wa wakilansu lamba a kan a ɗauki 'ya'yansu aikin tsaro a bayyane, da albashi da kayan aiki, maimakon kowa ya koma yana cinikin dare.

Ya ƙara da cewa kuɗin bindiga guda, in aka haɗa shi da na wasu, zai sayi fitilu masu aiki da hasken rana a mashigun gari, da wayoyi da usur ga masu kwana sintiri, da man babur na kai rahoto. A san baƙon da ya sauka a unguwa da wanda ya sauke shi. A lura da mai sayen burodi da fetur da magunguna fiye da ƙima yana yin daji da su. A yi yarjejeniya da ƙauyukan da ke kewaye, Hausawa da Fulani da Zabarmawa, cewa duk wanda ya ga baƙin babura zai sanar da na gaba da shi. Ya ce wannan aiki ba ya walƙiya, ba a kuma ɗaukar hoto da shi, amma shi ne abin da mutanen daji suka fi tsoro.

Wani manomin shinkafa kuma ya tambaya ko ya halatta ya nemi bindigar saboda tsuntsayen jan-baki da ke cinye masa gona a fadama. Malam ya yi murmushi ya ce garken jan-baki dubbai ne, harsashi ɗaya kuwa ya fi abin da zai kashe tsada, shi ya sa hukuma ke yi musu feshi da jirgin sama a inda suke kwana. Ya shawarce shi da su haɗu a ƙungiyarsu ta manoma su kai kuka ma'aikatar gona da wuri, tun kafin shinkafa ta fara nuna.

Daga ƙarshe Malam ya yi kira ga duk wanda ya riga ya ba da kafin alƙalami da ya tsaya a nan, kada ya bi asarar da wata asarar, ya ɗauka ya biya kuɗin karatu. Wanda kuma makami ya riga ya shigo hannunsa, to kada ya jefar a gulbi ko ya sayar wa wani, ya sami mahaifinsa ko wani dattijo da lauya su shige masa gaba a miƙa shi ga hukuma. Ya kuma roƙi iyaye da su riƙa tambayar 'ya'yansu inda kuɗin kaka ke tafiya.

An rufe zaman da addu'ar Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe a Mera da Sakaba da Maga da sauran wurare, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, ya kuma zaunar da ƙasar Kabi da Nijeriya baki ɗaya lafiya.